Kafin ka tambaye ni Chopin ko Beethoven, nawa ya ba ka?

Na karanta saƙonka, kuma raina ya ɓaci. Ka ce wani mai kuɗi ya gayyace ka Abuja ka kaɗa fiyano kai kaɗai na awa guda a liyafar da zai yi wa baƙinsa Turawa, kana tambayata ko ka sa kiɗan Chopin ko na Beethoven. Can ƙasa kuma, kamar ba komai ba, ka ƙara da cewa maganar kuɗi ya ce kada ka damu, zai ga abin da ya dace.

Kai yaro, zaɓen kiɗa har wani abin tambaya ne? Wanda ya ci jarrabawar kiɗa ta hukumar ABRSM ta Ingila mataki na takwas a hannuna bai kamata ya tsaya yana wannan ba. Ka buɗe da abin da yatsunka suka haddace ko cikin barci, ka rufe da mai ƙarfi, shi ke nan. Wannan "kada ka damu" ɗin shi ne ya hana ni barci, don da ita aka raba ni da fiyanon da ban sake samun irinsa ba.

A shekarun 1990 ina da Blüthner mai kwance, ƙirar Leipzig ta Jamus, gidan da ke ƙera fiyano tun 1853. Na saye shi a hannun wani Bature da ya yi aikin kuza a nan Jos, zai koma gida bai iya ɗaukarsa ba. Shekaru na yi ina biya kaɗan-kaɗan daga kuɗin koyarwa. Tsoho ne, amma muryarsa ta ƙasa in ka taɓa, sai ka ji ta a ƙirjinka. Duk wanda ya koyi wani abin kirki a wajena a zamanin nan, a kansa ya koya.

Sai ga wani ɗan kwangila daga Kaduna, babbar riga har ƙasa, direba na riƙe masa jaka. Ya gina zauren taro, zai buɗe shi a watan Disamba, abokan cinikinsa na Turai za su zo, yana so ya nuna musu cewa mu ma nan Arewa mun san irin kiɗansu. Na ce to, wane fiyano ke zauren? Ya ce ai shi ya sa ya zo wajena, an gaya masa nawa ya fi na kowa. Zai biya mota zuwa da dawowa, zai biya masu ɗauka, zai biya mai saitin muryar fiyano, nawa kuma kada in damu. Da na yanka masa farashi sai ya yi dariya ya dafa kafaɗata, ya ce, "Haba Malam, tsakanina da kai har sai an rubuta?" A gaban dattijon da ya kawo shi ya faɗi haka, mutumin da nake jin kunyarsa.

Na ajiye ɗalibaina, na shiga shiri. Sonata ta takwas ta Beethoven, dogon kiɗa mai sashe uku, da Chopin guda biyu, da wani kiɗa na Akin Euba, don ina so Turawan nan su ji cewa ɗan Najeriya ma ya rubuta wa fiyano abin da ba su da shi, ya sa shi yana magana kamar ganga. Muka kwance ƙafafun Blüthner, muka naɗe shi da barguna, ƙarti suka ɗora shi a mota, muka bi ta Saminaka da Pambegua. A bayan motar na zauna tare da shi, duk ramin da muka faɗa sai in ji hanjina ya kaɗa.

Kiɗa kuwa an yi shi. Ba yabon kai ba, ranar ban bar komai a baya ba. Wata tsohuwa cikin baƙin ta zo ta riƙe hannuna bayan an tashi, ta ce tun da ta bar ƙasarsu ba ta ji an kaɗa sashe na biyu na sonatar nan haka ba. Mai gida ya rungume ni a gaban kowa, aka ɗauki hoto.

Washegari na je karɓar haƙƙina, aka ce Alhaji ya raka baƙi filin jirgi. Na koma da yamma, an ce yana hutawa. Kashegari an ce ya wuce Legas. Yaronsa ya miƙo mini turmin shadda da ambulan, abin da ke ciki ko kuɗin motar zuwa bai kai ba, wadda ni na biya da aljihuna bisa alkawarin za a mayar mini. Na ce ina sauran? Yaron ya dube ni ya ce, "Ai Malam, makaɗi ba ya ciniki, abin da aka ba shi yake karɓa ya yi godiya." Ka ji fa. Wato ni maroƙi ne da ya zo ƙofar gida da kalangu. Ban raina maroƙa ba, sana'arsu ce kuma suna da tsarinsu, amma su sun san wanda ya hana su yau za su yi masa zambo gobe. Ni da me zan yi masa zambo, da Beethoven?

Ba ni da kuɗin motar dawowa. Na koma Jos neman rance, na bar fiyano a zauren bayan sun rantse ba mai taɓa shi. Kafin in haɗa kuɗin in dawo, an ba da hayar zauren ga masu biki, an turo Blüthner waje, kan baranda, ba ko tabarma a kansa. Tsakiyar hunturu a Kaduna! Rana ta dake shi da yini, sanyi ya dake shi da dare, ƙura ta cika cikinsa, wani ma ya ɗora kwalaben lemo a kan murfin. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta.

Ku yaran yanzu da kuka tashi a kan kibod na roba ba ku san abin da ke cikin akwatin nan ba. Tsirkiya wajen 230 ne a ciki, jan da suke yi gaba ɗaya ya kai tan 18 ko fiye, kuma duk muryar da kake ji daga wani siririn allo take fitowa a ƙarƙashinsu, kaurinsa bai wuce santimita ɗaya ba. Katako ne, yana shan laima ya kumbura, yana bushewa ya tsuke. In ya bushe a hankali zai jure. In ya bushe farat ɗaya, tsagewa yake. Nawa ya tsage wuri biyu, ta ɗaya har haske kake hangowa. Katakon da ke riƙe ƙusoshin saiti shi ma ya saki, ka ɗaure tsirkiya yau, gobe ta sauka. Mai gyaran da na ɗauko daga Legas ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce kuɗin gyaran ya fi kuɗin wani fiyanon. Mutumin nan har ya mutu bai biya ni ba, ni kuma ban yafe ba. Dattijon da ya haɗa mu, in ya hango ni sai ya canja hanya.

To ga abin da za ka yi. Ka yanka farashinka da bakinka, a rubuta, ya sa hannu, ya ba da rabi kafin alƙalami, sauran kuma a hannunka kafin ka zauna kan kujera, ba bayan tafi ba. Bayan tafi ba ka da sauran daraja a wajensa. Ka je da ƙafarka ka ga fiyanon, ka taɓa maɓallan nan 88 ɗaya bayan ɗaya, ka taka feda. A kai shi zauren da wuri ya saba da iskar wurin, sannan mai saiti ya zo ya ɗora shi kan 440, ma'aunin muryar da ake saita fiyano a kai, a kuɗin mai gayya. In ka tarar kibod ne mai maɓalli 61 aka ɗora a kan ƙarfe, ka yi musu sallama. Nawa kuwa da ke ɗakin koyarwa, kada ma ka fara tunanin aronsa.

Kuma ka cire wa ranka cewa daga wannan liyafar ka zama makaɗin dandali. Na san abin da ke kanku, a ɗauke ku bidiyo na daƙiƙa talatin a sa a TikTok. Chopin ɗin da kake kira, duk rayuwarsa kiɗan bainar jama'a da ya yi wajen talatin ne kawai. Koyarwa ce ta ciyar da shi a Faris, faran 20 kowane darasi, ɗalibai na ajiye masa a kan kanta don shi yana jin nauyin karɓa da hannu, amma dai ajiyewa ake. Clara Schumann, makaɗiyar fiyano ta Jamus, ta shekara kusan 60 tana hawa dandali, duk da haka a 1878 ta karɓi aikin koyarwa a Frankfurt. Leon Fleisher na Amurka yana kan ganiyarsa a 1964 yatsu biyu na hannunsa na dama suka naɗe suka ƙi miƙewa. Da ba shi da aji a makarantar Peabody ta Baltimore, da me zai yi shekarun da ya kwashe yana kiɗa da hagu kawai? Gasar Chopin ta Warsaw sau ɗaya ake yinta a shekara biyar, mutum ɗaya ke zuwa na farko, da yawa cikin sauran aji suke komawa. Balle kai da ke ƙasar da in ka cire cibiyar kiɗa ta MUSON ta Legas, zaurukan da ke da fiyanon kirki sai ka ƙirga su da yatsu.

Amma ku ba ku son koyarwa, kuna ganin ƙasƙanci ne ku zauna da yarinya 'yar shekara bakwai kuna gyara mata babban yatsa. Rabin tsaranka ba su iya karanta takardar kiɗa ba, fitilun da ke nuna maɓallin da za a danna suke bi a YouTube, in mawaƙi ya canja murya su danna maɓalli na'ura ta canja musu. Kai aƙalla na hana ka wannan.

Ranar Asabar ƙarfe huɗu ka zo da Beethoven ɗin, sashe na farko. Hannunka na hagu yana ƙagewa a wurin karkarwar nan tun bara, kuma na san ba ka gyara ba. Ka zo da takardar da mutumin ya sa wa hannu in gani. Ka yanke farce.