Kwamfireson Tsohuwar Mota: Kafin Ka Nufi Ƙofar Ruwa

Duk shekara idan hunturu ya ɗaga, zafin Maris ya sauko, sai saƙonnin masu mota su koma kan abu ɗaya, wato iyakwandishan, ko esi kamar yadda muka saba faɗa. Mutum ya yi wata huɗu bai taɓa maɓallin ba, ranar da ya danna sai iska mai ɗumi ta tarbe shi. Ga uku daga cikin tambayoyin wannan makon.

Wani malamin makaranta daga Gusau: "Ina da Toyota Corolla ƙirar 2005. Esi ya daina sanyi, bakanike ya ce kwamfireso ya mutu. Na sayi ɗan Baljiyam aka ɗaura, bai cika wata biyu ba shi ma ya tsaya. Yanzu sabo zan saya ko in sake gwada wani ɗan Baljiyam?"

Malam, Allah ya mayar da alheri. Amma kafin mu zo kan wanda za ka saya, akwai tambayar da ya kamata a yi tun ranar farko: me ya kashe na asalin?

Kwamfireso famfo ne, fistin ke kai-komo a cikinsa, kuma man da ke shafe shi tare da gas yake yawo. Idan gas ya zurare ta wata kafa, man ma ya daina zagayawa, sai ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Garin da ya goge ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yana bin fayif ya shiga kwandensa, wannan da ke zaune gaban lagireto, ya wuce diraya mai tsotse danshi, ya je ya toshe bawul ɗin da ke fesa gas cikin dashbod. Idan aka kwance mataccen aka ɗaura wani a kan wannan dattin, an zuba sabuwar miya ke nan a tukunyar da ta yi tsami. Zatona mai ƙarfi shi ne abin da ya ci na biyun ke nan, ba lallai mai shago ya cuce ka ba.

Gane haka ba shi da wuya. A kwance kwamfireson a gabanka, a kifa shi, man ya tsiyaye a kan farar takarda. Man da ke da lafiya garau yake fita. Idan ka ga ya yi toka-toka ko baƙi, yana ƙyalli kamar an barbaɗa kwalli, to aikin ya wuce kwamfireso kaɗai. Kwandensar motocin wannan zamanin hanyoyin cikinta sirara ne kamar kafar allura, wanki ba ya fitar da abin da ya maƙale, canzawa ake yi. Diraya da bawul ma haka. Fayif-fayif ne ake wankewa, da sinadarin wankin esi, a sa musu sabbin zoben roba. Na san ran mai mota yana ɓaci idan lissafi ya ninka, amma ka riga ka biya kuɗin kwamfireso ɗaya a banza, kada a ƙara na biyu.

Bayan an haɗa, a ɗaura injin zuƙe iska na aƙalla rabin awa, don danshi da man esi ba sa ga maciji. Gas kuma a sikeli ake auna shi. Akwai takarda manne a ƙarƙashin bonet da ta faɗi giram nawa motarka ke sha da irin gas ɗin, naka R134a ne. Bakaniken da ke ɗura gas yana taɓa fayif da hannu yana cewa "ya kusa" ba awo yake yi ba, canki-canka ne. Man da kwamfireson kamfanin Denso irin naka ke so shi ne PAG 46, wanda kamfanin ke kira ND-OIL 8, kuma yawansa ma illa ne, yana rage sanyi.

To, sabo ko ɗan Baljiyam? Idan motar za ta daɗe a hannunka kuma ka sami Denso sabo na gaskiya, saya. Matsalar ita ce kwali ba shaida ba ne, jabu ma da kwalinsa yake zuwa. Ni a wurina, ɗan Baljiyam na asali mai tsabtataccen mai ya fi sabo mai araha da ba a san gidansu ba. Ko Ƙofar Ruwa ka je a Kano, ko Panteka a Kaduna, tafi da tsohon a hannu da bakaniken da zai ɗaura. Duba bakunan fayif ɗinsa: wanda aka bari a buɗe ya sha ƙura da raɓa, wuce shi. Juya farantin gaba da hannu, ba fuli ba. Ya kamata ya juya sumul da ɗan nauyi, idan ka ɗora yatsa a baki ɗaya ka ji yana zuƙa, ɗayan yana hurawa. Murza fulin, kada ka ji gurnanin boris. A taɓa wayar kulocin a batir, ka ji ƙwas. Sannan kwanakin garanti a rubuta su a rasit, maganar baki ba ta dawo da kuɗi.

Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi: "Peugeot 406 gare ni. Na zaga ban sami irin nawa ba. Mai shago ya ce in ɗauki na wata mota, mai walda zai gyara mazauninsa. In yarda?"

Alhaji, da sunan mota kake nema, shi ya sa ka sha wuya. Peugeot ba ta ƙera kwamfireso, saye take yi. Goge jikin naka da tsumma, za ka ga lamba. Yawancin 406 na kamfanin Sanden mai lamba SD7V16 suke ɗauke da shi, kuma wannan iyalin yana cikin motocin Turai da dama, har da Citroën da Volkswagen. Da lambar za ka tambaya. Sai dai lamba ɗaya ba ta nufin tagwaye ne: ƙirga layukan fuli su yi daidai da bel ɗinka, dubi kunnuwan da noti ke shiga, da inda bakunan fayif suka fuskanta, da soket ɗin waya. Wani lokaci gangar jikin ɗaya ce, fuli ko murfin baya kawai za a ɗauko daga tsohon a mayar.

Walda ita ce dabarar ƙarshe. Tana da wurinta, ga motocin da kayansu suka ƙare a kasuwa, kamar 504 ko tsohuwar Marsandi, inda ake ɗaura Sanden SD7H15 a yi masa mazauni. Amma fuli ya kauce ko da kaɗan daga layin sauran, bel zai riƙa kuka yana cinyewa, kuma a mota irin taka bel ɗin nan shi ke juya na'urar cajin batir. Ya tsinke tsakanin Maraɗi da Tasawa, ba sanyi kaɗai ka rasa ba.

Tunda an ambaci tsofaffi: motar da aka ƙera kafin wajen 1994 da gas R12 ta fito, wanda aka daina saboda yarjejeniyar Montreal ta 1987. Mansa daban ne, ba ya tafiya da R134a, sai an wanke an canza. Gas ɗin esin ɗaki, R22, ƙarfinsa ya fi na mota, na firiji kuma, R600a, yana kama wuta. Ko kyauta aka ba ka kada su shiga motarka.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Kaduna: "Camry ɗina ƙirar 2008 sai na yi tafiya mai ɗan nisa take fara sanyi, a cunkoso kuma ta daina. An ce in canza kwamfireso."

Hajiya, riƙe kuɗinki tukuna. Kwamfireson da ya mutu ba ya farfaɗowa a kan babban titi. Ki sa a kunna esi mota na tsaye, a duba ko fankokin gaba suna juyawa da ƙarfi, a kuma wanke kwandensa da ruwa a hankali, don ƙurar hunturu kan liƙe ta kamar an yi mata yaɓe. A auna gas. Idan duk waɗannan lafiya, kwamfireson wannan Camry yana da ɗan bawul na lantarki a jikinsa mai tsara yawan aikin da zai yi, kuma idan ya fara maƙalewa, alamar da kika faɗa ce yake nunawa. Ana sayar da shi daban, kuɗinsa bai kai ko kusa da na kwamfireso ba. Ranar da za a cire shi, ki ce a nuna miki ɗan rariyar da ke bakinsa. Idan fes take, bawul kawai za a canza. Idan akwai garin ƙarfe a jiki, ki koma sama ki karanta amsar malamin Gusau.