Hukuncin Karanta Ilimin Halayyar Ɗan Adam

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni mazaunin Gadarif ne, a ƙasar Sudan. 'Yata ta samu gurbi a jami'a, a sashen ilimin halayyar ɗan Adam, wanda nan ake ce wa ilmin nafs. Yayana ya ce kada in kuskura in bar ta, wai karatun masu musun Allah ne, kuma ruhi babu wanda ya san shi sai Allah. Ya halatta in bar ta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, bar ta ta karanta, halal ne.

Ayar da yayanka ya riƙe, ta 85 a Suratul Isra'i, gaskiya ce: ruhi yana daga al'amarin Ubangiji. Sai dai wannan ilimi ba ruhi yake tona ba. Abin da ke bayyana a ɗabi'ar mutum yake dubawa, kamar dalilin mantuwa, da yadda tsoro ke hana barci. Tun da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig ta Jamus a 1879, awo ake yi, har ana auna tazarar da ke tsakanin jin ƙara da motsa yatsa. Babu gaibu a nan. Rassansa kuma da yawa: na girman yara, na koyo da koyarwa, na zamantakewa, na ma'aikata, sai na jinyar masu damuwa da firgita.

Amma ba a banza yayanka ya tsorata ba. Za ta haɗu da Sigmund Freud, likitan nan na Vienna da ya ce addini ruɗi ne. Wannan ra'ayinsa ne, ba gwaji ya nuna ba, kuma masanan fannin da kansu sun ajiye maganganunsa da dama. To a nan hukuncin yake rabuwa. Abin da gwaji ya tabbatar, a karɓa kamar yadda ake karɓar maganin zazzaɓi ba tare da an tambayi addinin mai haɗa shi ba. Abin da yake aƙidar marubuci, a karanta don a san shi, haramun ne a ƙudurce shi. Farfesa Malik Badri, masanin wannan fanni, ɗan garin Rufa'a na nan Sudan, da ya rasu a 2021, rayuwarsa ya ƙarar wajen wannan tankaɗe da rairaya. Mu Musulmi ma ba baƙi ba ne a harkar, domin Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 322 bayan Hijira, ya yi rubutu kan baƙin ciki da tsoro da waswasi da yadda ake magance su da gyaran tunani.

Ni kam ina ganin a halin da muke ciki abin ya kai farilla ta kifaya, wato wajibin da in wasu suka yi ya sauka daga kan saura. Bayan faɗuwar birnin Wad Madani a yaƙin Sudan a ƙarshen 2023, an kawo mini wata baiwar Allah a yi mata ruƙya. Iska ta buga ƙofa, sai ga ta ƙarƙashin angarib, wato gadon igiya, tana kakkarwa, ɗanta mai shekara goma kuwa ya koma fitsarin kwance. Dangi suka ce aljanu ne. Na yi mata karatu, na kuma ce a kai ta asibiti, don biyun ba kishiyoyi ba ne. Annabi (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani, kuma yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki. Irin wannan mata, wa za ta buɗe wa cikinta da Hausa in ba mace 'yar'uwarta ba?

Sai dai 'yarka ta kiyaye: ta riƙa karatun tauhidi a gefe, sirrin mai jinya amana ne, kada ta keɓe da namiji a ɗakin shawara. Kada kuma ta rubuta wa kowa ƙwaya, wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne da ya karanta likitanci.

Yayanka kuwa, je ka same shi a gida da ladabi ka karanta masa wannan amsa. Wallahu a'alamu.