Shin Gadon Kujerar Bishop Ake Yi a Turai ta Da?

Tambaya: Na ji an ce a tsohuwar Turai gidaje ƙalilan ne suka riƙe shugabancin coci. Shin gadon kujerar bishop ake yi a wancan zamani?

Amsa: A dokar coci ta wancan zamani ba a gadonta, domin malaman coci da jama'ar gari ne ke da hakkin zaɓe. Sai dai rayuwar Giregori, bishop na birnin Tours a ƙasar da yau ake kira Faransa, ta nuna cewa asali yakan rinjayi doka.

An haife shi a Clermont wajajen shekarar 538, cikin zuriyar manyan Rumawa masu filaye, waɗanda suka ci gaba da faɗa a ji bayan rushewar daular Rum ta yamma. Yana yaro mahaifinsa Florentius ya rasu, sai baffansa Gallus, bishop na Clermont, ya ɗauki riƙonsa. Ta wajen mahaifiyarsa Armentaria abin ya ma fi haka: kawunta Nicetius shi ne bishop na Lyon, kakanta kuma, wanda shi ma Giregori ne sunansa, ya yi kusan shekara 40 yana mulkin Autun, sai bayan rasuwar matarsa ya zama bishop na Langres, ɗansa Tetricus ya gaje shi.

A shekarar 573 Giregori ya hau kujerar Tours da amincewar Sarki Sigibert na Farankawa, ƙabilar da ke mulkin ƙasar a lokacin, bayan rasuwar Eufronius, ɗan'uwan mahaifiyarsa. Da wani limamin coci ya yi masa gorin baƙunta, sai ya rubuta cewa in ban da biyar, duk waɗanda suka riga shi kan kujerar danginsa ne.

A ganina zalunci ne a kira wannan kwaɗayin mulki kawai. A lokacin, bishop shi ne garkuwar gari, shi ke ciyar da matalauta, shi ke tunkarar sarakunan Farankawa, kuma wanda ba shi da gata ba zai iya ba. Lokacin da Merovech, ɗan Sarki Chilperic, ya nemi mafaka a majami'ar Waliyyi Martin da ke Tours, Giregori ya ƙi miƙa shi duk da barazanar uban. A shekarar 580 aka gurfanar da shi gaban taron bishop-bishop bisa zargin ɓata sunan Sarauniya Fredegund, matar Chilperic, ya wanke kansa da rantsuwa, ya ci gaba da riƙe kujerarsa har rasuwarsa a shekarar 594.