Kafin a biya kuɗin ɗaki, a tambayi lambun na wane ne

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aikin jinya a Slough da ke Ingila, kuma Hajiyarmu za ta zo mini ziyara. Mace ce mai son shuke-shuke. Ina so in kama mata ɗaki a otal ɗin Cliveden don ta ga lambunsa, sai dai kuɗin ya yi mini nauyi. In daure in biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri, ya kawo Hajiya lafiya. Idan don lambun ne kaɗai, ki riƙe kuɗinki. Lambun Cliveden ba mallakar otal ɗin ba ne. Iyalan Astor, waɗanda suka sayi gidan a 1893, sun miƙa shi ga National Trust, ƙungiyar da ke adana wuraren tarihi, a 1942, kuma ita ce ke kula da filin har yau. Masu otal haya suke yi na ginin. Saboda haka kowa na iya biyan kuɗin shiga a ƙofa ya wuni a ciki, ba sai ya kwana ba.

Filin ya kai eka 376, a kan tudun da ke kallon kogin Thames. Ki fara kai Hajiya barandar bayan gidan. Daga nan za ta hango babban lambun da John Fleming ya tsara a 1855: ciyawa shimfiɗe, an zana mata fangulan furanni masu kusurwa uku, an kewaye kowanne da gajeren shinge da aka aske shi daidai wa daida. Daga sama ake ganin kyan zanen, idan an sauka ciki sai ya ɓace wa ido. Akwai kuma lambun ruwa mai ɗan gini irin na mutanen Sin, inda za ta samu wurin zama ta huta.

Abu ɗaya nake jan kunnenki a kai: gangaren zuwa bakin kogi matakala ce sama da ɗari. Idan gwiwar Hajiya na damunta, ku tsaya a sama. Ki saya mata takalmi mai rufi da ba ya santsi, domin hanyoyin tsakuwa ne da ciyawa mai laima. Wannan ya fi mata amfani a kan gadon alfarma na dare ɗaya. Daga Slough tafiyar 'yan mintoci ce a mota.

Tambaya: Ni da uwargida muna so mu yi kwana biyu a irin waɗannan otal-otal na karkara. Na ga farashin Gravetye Manor ya fi sauƙi a watan Janairu. Mu je a lokacin?

Amsa: Malam, sauƙin nan yana da dalili. A Janairu rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da 'yan mintoci, yawancin itatuwa sun zubar da ganye, fangulan furanni kuma babu komai sai ƙasa. A Gravetye kuwa lambun shi ne abin da ake biya dominsa.

An gina gidan a 1598 a yankin West Sussex. A tsakiyar shekarun 1880 William Robinson, masanin lambu ɗan Ailan, ya saye shi, ya zauna a ciki har rasuwarsa a 1935. Shi ne ya yi ta yaƙi da al'adar jera furanni sahu-sahu, yana cewa a bar tsiro ya yaɗu yadda yake yi a daji. A filayen Gravetye ya gwada ra'ayinsa, ya binne dubban saiwoyin furanni masu kama da albasa a cikin ciyawa, suna tsirowa da kansu duk shekara. Ya kuma gina lambun kayan miya mai siffar ƙwai, kewaye da katangar dutse, wanda har yanzu daga cikinsa ake tsinko ganye da 'ya'yan itacen da ake kaiwa kicin. Duk wannan, daga Afrilu zuwa Satumba ake cin moriyarsa.

Ni dai shawarata, ka rage kwanan zuwa ɗaya, ka ɗage tafiyar zuwa Mayu ko Yuni, lokacin da ake ganin haske har bayan ƙarfe tara na dare. Idan hakan ma ya yi yawa, ka kama teburin abincin rana, domin saɓanin Cliveden, nan baƙin otal da masu cin abinci ne ke yawo a lambun. Ka kira su tun da wuri ka shaida musu ba kwa cin naman alade, kuma kada a sa giya a girkinku, sannan ka tambaya ko akwai ranar da mai kula da lambun ke zagayawa da baƙi.