Na ba dillali kafin alƙalami, har yau ba makulli

Wani ɗan'uwa ya turo min cewa bikinsa saura wata 2, ya zaga unguwannin Kabuga da Rijiyar Zaki a Kano kuɗin haya ya fi ƙarfinsa, sai wani dillali ya kai shi Ɗorayi ya nuna masa ciki da falo mai sauƙi, ya ba da rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami har da la'ada, yanzu sati 5 kenan kullum sai a ce gobe. Da ya bincika ashe gidan gado ne ba a raba ba, kuma akwai ɗan haya a ciki.

Malam, Allah ya sanya alheri a auren, amma gaskiya ka cire ranka daga gidan nan, kuɗinka za ka bi.

Dalili kuwa, wanda ke ciki ba fita zai yi don dillali ya ce ya fita ba. In ɗan hayar shekara-shekara ne kuma ba su rubuta wani wa'adi daban ba, haƙƙinsa notis na wata 6, ɗan wata-wata kuma wata 1, in ya cika bai tashi ba a sake ba shi na kwana 7, sannan a je kotu, kotu ce kaɗai ke fitar da shi. Mai gida ba shi da ikon cire kwano ko garƙame ƙofa ko watso masa kaya waje. To ka lissafa wannan da wata 2 ɗinka, ina za ka sa amarya?

Sai maganar gado. Gidan da ba a raba ba na magada ne gaba ɗaya, mutum ɗaya ba zai ba da hayarsa shi kaɗai ba sai in sauran sun wakilta shi. Don haka abin da za ka fara ganowa shi ne wa ya sa dillalin nan. In masu gidan ne suka sa shi ya karɓi kuɗi, kamar hannunsu ka ba, da su da shi duk za ka iya nema. In kuwa gaban kansa ya yi, wuyansa za ka riƙe.

Ka adana takardar da ya rubuta maka komai muninta, da alat ɗin banki, da saƙonnin WhatsApp, kar ka goge ko ɗaya. Ka fara da mai unguwa, a kira shi gaban shaidu ya sa hannu kan ranar da zai biya, sau da yawa a nan ake gamawa don dillali ba ya son sunansa ya ɓaci a unguwar da yake ci. In ya saɓa, a rubuta masa takardar neman biya, daga nan sai kotun majistare ɓangaren ƙananan basussuka inda kai da kanka za ka iya tsayawa ba sai da lauya ba, ko kotun shari'ar Musulunci. 'Yan sanda ba aikinsu ba ne karɓo bashi, amma in ka gano ya karɓi kuɗin mutum 2 ko 3 kan ɗaki ɗaya to wannan damfara ce, ka kai rahoto.

Gidan da za ka nema nan gaba, ko Sheka ne ko Naibawa ko Mariri, ka ce sai ka ga mai gidan ido da ido, rasit da sunansa da sa hannunsa, a rubuta kuɗin da ranar shiga da wanda gyara ke kansa. Ka duba mita don kar ka gaji bashin wutar KEDCO na wani, ka tambayi maƙwabta ruwa rijiya ce ko sai 'yan garuwa, da yadda layin yake in damina ta sauka. Kuma makulli a hannun dama, kuɗi a hannun hagu, a zama ɗaya.