Tayoyin gaba na cinyewa ta ciki: za a iya saita su a gida?

Ka tambaya ko za ka iya auna saitin tayoyin gaba da kanka, tunda gefen ciki ke cinyewa. Za ka iya, in matsalar buɗewar bakin tayoyin ce, wato gaban tayoyin biyu ya karkata waje maimakon su kalli gaba sak.

Amma fara ɗaga motar da jak ka girgiza kowace taya. In kan tayarod, wato sandar ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, yana wasa, canza shi tukuna, don awo a kan ƙarfen da ya lalace aikin banza ne.

Sauke ta a shimfiɗaɗɗen wuri, daidaita iska, miƙe sitiyari ka ɗaure shi. Ja zare a kowane gefe daidai tsakiyar tayoyi, zaren biyu su tafi a jere, faɗinsu ɗaya gaba da baya. Nan aka fi yin kuskure, domin faɗin ƙafafun baya kan bambanta da na gaba. A kowace tayar gaba, auna daga zare zuwa bakin rim ta gefensa na gaba, sannan ta gefensa na baya. Bambancin da ake so kan kasance milimita 0 zuwa 2, amma littafin motarka ne alƙali.

Sassauta notin tayarod da maɗaurin robarsa, juya tayarod ɗin rabin zagaye, daidai wa daida a ɓangarorin biyu, kada sitiyari ya karkace. Tura motar gaba mita 3, sake aunawa, sannan ka ɗaure notin tamau.