Amsar tambayarki kan wanda ya kashe jininsa

Amaryata, saƙonki ya iso. Da aka karanta mini sai da na yi murmushi, wai yarinyar da ke tsoron ganin yankan kaza ita ce ke tambaya yadda mutanen dā suke yi da wanda ya kashe ɗan'uwansa, ko kashe shi ake yi. Daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Ina fata karatun shari'ar da kike yi a jami'ar Yamai ne ya kawo zancen, ba wani abu kika jiyo daga gida ba.

Lokacin mulkin shugaban ƙasa Diori, kafin babban farin 1973, ina saurayi a ƙauyenmu na ƙasar Adar. 'Yan uba biyu suka yi faɗa kan iyakar gona, wata gawo ce kowa ke cewa a gefensa take. Ƙaramin ya ɗaga hauya sau ɗaya, shi ke nan. Ina cikin waɗanda suka ɗauko gawar a amalanken jaki. Abin da ban manta ba, wanda ya yi kisan bai gudu ba. Ya biyo mu a baya, ba hula, ƙafa ba takalmi, ya zo ya durƙusa a bakin zauren ubansu. Uwayen biyu suna cikin gida ɗaya, ɗakinsu na kallon juna, kowace na kuka nata daban. Dangin uwar mamacin suka iso da sanduna. Tsohon ya fito, ya tsaya tsakaninsu da yaron, ya ce da safe yana da 'ya'ya biyu, ba zai kai magariba ba shi da ko ɗaya. Liman ya zaunar da kowa ƙasa har jandarmomi suka zo daga Tahoua suka tafi da shi.

Ya yi shekaru a gidan kaso. Da ya fito bai ƙara kwana garin ba, ko zangarniya ɗaya ta gadon ɗan'uwansa ba a ba shi ba. Amma duk kaka tsohon yakan aika masa damin gero a ɓoye. Na tambayi kakata dalili, ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Malaminmu na zaure ya karantar da mu a Risala cewa kisan ganganci hukuncinsa kisasi ne, sai in masu jini sun yafe ko sun karɓi diyya, raƙuma 100. Ko an yafe, akwai bulala 100 da ɗaurin shekara, kuma makashi ba ya gadon wanda ya kashe. Yakan ce kisan farko a duniya ma tsakanin 'ya'yan Annabi Adamu aka yi shi, Habila da Ƙabila. Nauyin abin a cikin gida shi ne mai neman jinin da mai roƙon afuwa sau da yawa mutum ɗaya ne.

Dokar gwamnati kin fi ni saninta. Hukuncin kisa yana nan a rubuce, alƙalai kan yanke shi, amma tun 1976 da aka harbe waɗanda suka nemi kifar da shugaban mulkin soja Kountché ba a sake zartar da shi ba a Nijar. A 2010 an kawo zancen soke shi, majalisar shawara ta lokacin ta ƙi.

Abin da ke ƙona mini rai yau, kafin a rufe gawa hotonta ya zagaye WhatsApp, yaran da ba su san gidan ba suna rubuta a kashe shi. Mu a lokacinmu ko sunan yaron ba a ambata gaban uwarsa.

Ki faɗa wa babanki ya zo kafin ruwa ya sauka. Gonar fadama har yanzu ba a raba ta tsakaninsa da baffanninki ba, ina so a kafa iyaka gaban liman da maigari tun ina iya takawa can da ƙafata.